Zangon kakanmu filin gwamnati ne? Masauki, fito da ƙasa a zamanin Turawa

Wani matashi ɗan kasuwa daga Agege ne ya kawo tambayar. Ya ce kakansa ya sauka a wani ƙauye na bakin ruwa ta wajen Ikorodu tun zamanin Turawa, mai garin ya yanka masa wuri, ya kafa masaukin fatake, har da kwale-kwalensa na fito. Jikoki suna nan zaune a wurin, sai ga wasu sun zo da takarda suna cewa filin gwamnati ne. Yana so ya ji ko Turawa sun yi doka a kan masaukai da fito da filaye, kuma ko zaman da kakansa ya yi da saninsu zai tsaya musu a yau.

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka tafi kotu ko ka ɗaga murya. Na daɗe ina aikin takardun filaye a wannan gari, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne Turawa sun yi doka a kan ukun, amma ba su ba su nauyi ɗaya ba. Ƙasa sun rubuta ta dalla-dalla, domin suna bukatarta. Ruwa sun riƙe shi, domin ta nan kaya da kuɗin shiga ke bi. Masaukin baƙi kuwa, irin na kakanka, sun bar shi a hannun al'ada, ba sa leƙa shi sai in annoba ta ɓarke ko rigima ta tashi. Wannan bambanci shi ne tushen halin da kuke ciki, kuma ba ku kaɗai ba ne.

Ka fara duba yadda hanya take kafin su zo. Ayarin fatake da ya taso daga Kano zuwa Ikko, wato Legas, yana da bukata uku a kowane mataki: inda zai kwana, inda zai ƙetare ruwa, da inda jakai da shanu za su yi kiwo. Duk ukun suna da masu su. Zango na ƙarƙashin sarkin gari. Mashigin kogin Kwara na hannun masu jirgi, musamman Kyadya na ƙasar Nufe, waɗanda shugabansu Kuta ke zaune a Muregi, kuma madugu ne ke zama ya yi cinikin kuɗin fito a madadin ayarinsa. In aka shigo ƙasar Yarbawa, kowace ƙofar gari akwai mai karɓar kuɗin hanya. Ijabu kuwa, da ke tsakanin Ibadan da bakin ruwa, ba ta yarda baƙo ya wuce da kayansa kai tsaye ba, sai dai a yi ciniki a kasuwanninta irin su Ejinrin. A kan wannan rufe hanya ne Gwamna Carter ya aika da yaƙi Ijabu a 1892, kuma a cikin rundunar akwai sojojin Hausawa na Ikko. Tun daga nan za ka gane cewa abin da Bature ya fara nema shi ne hanya ta buɗe, kuɗin hanya kuma ya koma inda yake so.

A Arewa ma haka aka yi. Gwamna Lugga ya soke yawancin kuɗaɗen hanya na sarakuna, ya maye gurbinsu da nasa: harajin ayari, kashi 5 cikin ɗari na darajar kaya a kowane lardi da aka ratsa, har ya kai kashi 15, da kuma lasisin kwale-kwale. 'Yan kasuwa suka yi ta ƙorafi, aka soke su a 1907. Daga nan sai gada da dogo suka shiga cin kasuwar masu fito. Jirgin ƙasa ya isa Jabba a 1909, kuma shekaru da dama ana ɗora taragai a kan jirgin ruwa a ƙetare Kwara da su, kafin a kammala gada a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Makurɗi ta jira tata gadar har 1932, Anaca da Asaba kuwa sai 1965. A nan Ikko gadar Carter ta haɗa tsibiri da Iddo tun 1901, amma wanda zai je Apapa daga Marina jirgin fito na ma'aikatar ruwa ta gwamnati yake shiga. Tsarin a fili yake: babban mashigi gwamnati ta riƙe da kanta, ƙananan mashigai na ƙauye kuma aka bar wa masu kwale-kwale suna yi da yardar masu garin.

Abin da ya fi shafarka a maganar ruwa shi ne bakin gaɓa. A wata shari'a tsakanin gwamnati da kamfanin John Holt da wasu kamfanoni, wadda ta kai Landan aka yanke ta a 1915, an tabbatar cewa gaɓar da ruwa ke hawa yana sauka a tsibirin Ikko ta Sarkin Ingila ce, ko da mai fili na kusa ya cike ta da ƙasa. Dokar ma'adinai ta 1945 kuma ta faɗa ƙarara cewa dukkan koguna da magudanan ruwa na Najeriya suna hannun Sarkin Ingila. Saboda haka fiton kakanka sana'a ce da ya yi da izini, kuma Allah ya saka masa, amma bai bar muku gadon ruwa ba, bai bar muku gadon gaɓa ba. Yau ma in za ku sa jirgi a ruwa sai da lasisi. Hukumar hanyoyin ruwa ta tarayya da ke Lakwaja da ta jihar Legas sun daɗe suna jayayya a kan wa ke da ikon bayarwa, har Kotun Ƙoli ta ba tarayya gaskiya a farkon 2024. Ku cire wannan ɓangare daga cikin abin da za ku nema, don kada ya raunana muku sauran.

Yanzu masauki. Wanda bai taɓa zama a gidan maigida ba zai ɗauka ɗakin kwana ne kawai. Ka shiga irin gidajen da suka rage a tsohon zangon Agege ka gani: zaure babba, tabarmi a jingine, buta da randa a gefe, can ciki kuma ɗaki mai sanyi inda ake jera kwandunan goro lulluɓe da ganye, yaro na zaune yana tsince wanda tsutsa ta taɓa yana yayyafa wa sauran ruwa. Baƙo ba ya biyan kuɗin ɗaki. Maigida ne ke ciyar da shi, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an ɗauki kaya bashi, shi kuma ya ci la'adarsa in ciniki ya faɗa. Jarin gidan duka amana ce. Da wannan tsari goro ya riƙa tafiya Arewa, shanu suna gangarowa Kudu. Alhassan Ɗantata kansa ta Ikko ya riƙa bi da goron Gwanja a jirgin teku kafin ya koma Kano ya kama gyaɗa. Da aka fara noman goron a Agege da Ota da Shagamu, ga tashar jirgin ƙasa a Agege, sai zanguna suka cika.

Gwamnatin Turawa ba ta ɗauki irin wannan gida a matsayin otal ba. Otal a wurinta wuri ne da ake sayar da giya, kuma dokar giya ta 1917 ce ta tsara lasisinsa, ta raba ƙasar zuwa inda aka halatta, inda aka taƙaita, da inda aka haramta, wato yawancin Arewa. Gidan Musulmi mai saukar fatake ba shi da abin nema a wannan layi, don haka sunansa bai shiga rajistar ba. Masaukin da gwamnati ta damu da shi a karkara shi ne nata, barikin da Di'o ke sauka in ya fita rangadi. Shi ma ba da kuɗinta kaɗai ta gina shi ba. Dokar hanyoyi da koguna ta 1903 a Kudancin Najeriya ta ba masu gari ikon tara maza da mata su yi aikin tilas har kwana shida a kowane wata uku, su share hanya, su cire itatuwa daga ruwa, kuma da irin wannan gumi aka ɗaga barikoki da yawa. Ba a taƙaita aikin tilas sosai ba sai da dokar 1933.

Ta ƙofa biyu hannun hukuma ke isa zango. Ta farko duba-gari. Lokacin da annobar ɓeraye ta afka wa Ikko a 1924 ta yi shekaru tana kisa, an riƙa shiga gidaje ana bincike, ana tsare matafiya a duba su, kuma gidan da baƙi ke shiga suna fita shi ne na farko a idon mai duba. Annobar ce ta haifi hukumar tsara birnin Ikko a 1928, wadda ta rushe unguwar Oko Awo. Ƙofa ta biyu ita ce sarautar baƙi. Turawa sun fi son a tara baƙi wuri guda, a ɗora musu shugaba ɗaya da za a tambaya haraji, a kuma tambaye shi in an yi sata. Haka aka kafa Sabo na Ibadan a 1916, haka kuma sarautar Sarkin Hausawa ta yi ƙarfi a garuruwan Yarbawa. Amma ka lura da kyau: amincewa da shugaba daban, ba da ƙasa daban. Di'o na iya sanin kakanka, ya gaisa da shi, ya karɓi haraji ta hannunsa shekara da shekaru, duk wannan bai mai da wurin mallakarsa ba. Nan ne na ga mutanenmu da yawa suna ruɗuwa, su ce ai Bature ya san da mu.

Maganar ƙasa ita ce mai tsawo, kuma dole in ja ta daga farko. A ranar 6 ga Agusta 1861 Oba Dosunmu ya sa hannu a takardar miƙa Ikko ga Ingila. Nan take sarakunan Idejo, masu farar hula, suka ce ƙasar ba ta Oba ba ce balle ya bayar, tasu ce da zuriyarsu. Gwamnati ta yi gaban kanta, ta shiga raba takardun mallaka da sunan Sarauniya. Gwamna Glover, wanda ya kafa rundunar Hausawa ta farko a 1863, ya yanka wa Egbawan da suka gudo daga Abekuta filaye a Ebute Metta, ya ba su 'yan tikitoci a matsayin shaida. Tsofaffin sojojin Hausawa su ma zamansu a Obalende daga irin wannan rabon gwamnati ya samo asali. Ruɗanin da waɗannan takardu suka jawo ya yi yawa, har sai da aka yi dokoki na musamman a 1947 don warware su. A 1908 aka yi dokar filayen Ikoyi: duk mai da'awar fili ya kawo shaida cikin wa'adi, wanda bai kawo ba wurinsa ya zama na gwamnati. A wannan tsakani ne Gwamna Egerton ya karɓe filaye a Ilubirin kusa da filin sukuwa don gina wa ma'aikata Turawa gidaje, gari ya ɗauki zafi. Dokar birane ta 1917 kuma ta zo da sharaɗin a bar yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa.

Sai babbar shari'a, wadda ya kamata duk mai zama a Legas ya san ta. A 1913 gwamnati ta karɓi ƙasar Apapa a ƙarƙashin dokar filayen gwamnati ta 1903. Amodu Tijani, ɗaya daga cikin sarakunan Idejo, mai riƙe da sarautar Oluwa, ya nemi a biya shi kuɗin ƙasar gaba ɗaya a madadin danginsa. Kotunan Ikko suka ce ba shi da mallaka, ikon kula kawai gare shi, don haka abin da za a ba shi kaɗan ne. Bai haƙura ba. Ya tafi Landan a 1920 tare da ɗan gwagwarmayar siyasa Herbert Macaulay, kuma a watan Yuli na 1921 majalisar shari'a ta Sarkin Ingila, wadda ita ce kotun ƙarshe a lokacin, ta ba shi gaskiya. Ta ce miƙa mulki da Dosunmu ya yi bai shafe haƙƙin jama'a a kan ƙasarsu ba, in gwamnati na so sai ta biya cikakkiyar diyya, a raba wa masu haƙƙi. Aka biya fam 22,500. Wannan hukunci ne ya tsayar da ƙa'idar cewa a ƙasar Yarbawa ƙasa ta dangi ce ko ta gari, shugaba mai riƙon amana ne kawai. Nasara ce babba, kuma ina ganin girman mutumin. Sai dai ga baƙo irin kakanka tana da wata fuska: in ƙasa ta dangi ce, to mai garin da ya yanka masa wuri bai sayar masa ba, ya ba shi izinin zama ne.

A Arewa hanyar ta bambanta. Dokar ƙasa ta 1910, wadda aka sabunta a 1916, ta sa dukkan ƙasar Arewa a hannun Gwamna ya riƙe ta domin amfanin 'yan ƙasa, kowa kuma haƙƙin zama yake da shi. Ita ce ta zama dokar ƙasa ta Jihar Arewa a 1962, kuma a kan tsarinta gwamnatin Obasanjo ta gina dokar amfani da ƙasa ta 1978 da ta game Najeriya duka. Mutanen Kudu sun daɗe suna tsoron wannan tsari. Da aka kawo dokoki huɗu a 1945 kan ma'adinai da filayen gwamnati da karɓar ƙasa da tuɓe sarakuna, jam'iyyar NCNC ta zagaya ƙasa tana neman a yi tir da su. A wannan rangadi ne Macaulay ya kamu da ciwo a Kano, aka dawo da shi Ikko, ya rasu ranar 7 ga Mayu 1946. Tawagar da ta kai ƙorafin Landan a 1947 har da Bukar Dipcharima na Barno a ciki.

To ina matsayinku? In labarin da ka ba ni haka yake, kakanka ya zauna ne a matsayin ɗan zaman al'ada, wanda ke kai wa masu ƙasa ɗan abin gaisuwa duk shekara, abin da Yarbawa ke kira ishakole. Kada ka raina wannan matsayi. Ana cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba, amma a shari'ar ƙasa mai zaman al'ada ba a tashinsa haka kawai. Shi da zuriyarsa suna zaune har abada muddin ba su yi laifin da zai sa kotu ta ƙwace ba, kuma babban laifin shi ne musun cewa masu ƙasa ne suka ba su, ko sayar da wurin ba da saninsu ba. Akwai shari'ar Abioye da Yakubu da Kotun Ƙoli ta yanke a 1991. Wasu Fulani ne a jihar Kwara da aka ba wurin kiwo da noma suka ɗauka dokar 1978 ta mai da su masu ƙasa. Kotu ta ce a'a, dokar ba ta rushe alaƙar mai ƙasa da wanda ya saukar ba. Don haka ina roƙonka, duk zafin da za a kai, kada wani daga gidanku ya tashi a bainar jama'a ya ce ƙasar tamu ce, ba mu san kowa ba. Wannan kalma ɗaya tana iya rushe zaman shekara ɗari.

Su kuma masu cewa filin gwamnati ne, ba a karɓar wannan da baki. Ƙasa ba ta zama ta gwamnati sai da sanarwa a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, da taswira, da dalilin amfanin jama'a. Gaskiya ne a shekarun 1970 da bayansu gwamnatin jihar Legas ta karɓi manyan yankuna a dunƙule, ta kuma riƙa ware wa ƙauyuka wani sashe tana mayar musu, shi ma da gazet. Abin da za ku fara yi shi ne ku ɗauko safiyo mai rajista ya auna wurin, a kai awon ofishin Babban Safiyo na jiha a Alausa, a ɗora shi a kan taswira. Nan za a gane ko yana cikin abin da aka karɓa, ko cikin wanda aka mayar wa ƙauye, ko bai taɓa shiga ba. Kafin safiyo ya zo ku zagaya iyakar ku duba ƙasa. Sau da yawa za ka tarar da ɗan dutsen siminti mai kusurwa huɗu ya nutse cikin ciyawa, da haruffa da lamba a kansa. Kada ku tone shi, ku share ku ɗauki hotonsa, domin lambar nan tana iya kai mutum ga tsohon fayil. In ta tabbata an karɓa bisa doka, abin da dokar 1978 ta tanada diyyar gini da amfanin gona ne, ba kuɗin ƙasar kanta ba. In kuwa 'yan ƙwacen fili ne suka fake da sunan gwamnati, jihar Legas tana da dokar kare kadarori ta 2016 da ta mai da shiga fili da ƙarfi laifi.

Shaida kuma ba takardar mallaka ce kaɗai ba. Tun 1976 Kotun Ƙoli ta lissafa hanyoyin da ake tabbatar da haƙƙi a kan ƙasa, kuma a cikinsu akwai tarihin baka da daɗewar zama da ayyukan da aka yi a wurin. Rasiɗin haraji na kakanka, wasiƙar Sarkin Hausawa, littafin da maigida ke rubuta bashin fatake da ajami, masallacin da aka gina, maƙabarta, duk suna magana. Ku buɗe tsofaffin adakoki. Ku zauna da dattawan da suka rage, naku da na masu ƙasa, a naɗi muryarsu tun suna raye. In za a nemi fayilolin Di'o, ku tuna cewa Ikeja da Ikorodu da Epe da Badagiri sun kasance a ƙarƙashin Jihar Yamma kafin a ƙirƙiro jihar Legas a 1967, saboda haka da yawan takardun wancan zamani suna gidan adana tarihi na ƙasa da ke cikin Jami'ar Ibadan, ba a Legas ba.

Kafin duk wannan, ku ɗauki goro ku tafi gidan zuriyar mai garin da ya saukar da kakanku, tare da Sarkin Hausawan yankinku. In gwamnati ce ta karɓi wurin da gaske, su ma abin ya shafe su, kuma su ne za su nemi a ware wa ƙauyen rabonsa. In sun yarda, lauya ya rubuta yarjejeniya da ta bayyana iyakar wurin da sharaɗin zamanku, shugaban dangi da manyansu su sa hannu, domin sa hannun mutum ɗaya ba ya ɗaure dangi, sannan a kai ta a yi mata rajista a ofishin filaye na Alausa.